Daga Gyambo Zuwa Daji: Tarihin Binciken Makomar Ciwon Dajin Fata da Abin da Yake Nufi ga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya gaban likita ya san tambayoyi biyu ne a bakinsa. Ta farko ita ce, "Me ke damunsa?" Ta biyu kuwa, wadda ta fi nauyin faɗa, ita ce, "Zai tashi?" Sanin gaibu sai Allah. Amma duk da haka likitoci sun daɗe suna tara abin da suka gani a jikin dubban marasa lafiya, domin su iya kintatar inda cuta ta dosa, su san wanda ƙaramin aiki zai wadatar da shi da wanda sai an yi masa babba. Wannan fanni shi ne za mu riƙa kira hasashen makomar cuta a cikin wannan takarda.

Manufarmu ita ce mu bi tarihin wannan hasashe dangane da ciwon dajin fata, tun daga ƙarni na 18 a Turai har zuwa binciken da aka yi a Zariya da Kano, sa'an nan mu auna abin da aka gano da halin zaman mutanen Birnin Kudu da Gwaram. Za mu kuma ɗan ratsa ta kan binciken ƙwaƙwalwa, domin akwai inda ciwon fata da ciwon ƙwaƙwalwa suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, binciken sama da shekara 200 ya tattaru a kan magana guda: zurfin da daji ya yi kafin wuƙar likita ta same shi, shi ne ke yanke makomar mai shi. Zurfi kuwa jinkiri ke haifar da shi.

2.0 Yankin da Muke Magana a Kansa

Birnin Kudu da Gwaram tsofaffin gundumomi ne na ƙasar Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 sai suka faɗa cikinta, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Birnin Kudu tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, kimanin kilomita 130 daga Kano, kuma ta yi suna saboda zane-zanen mutanen da da ke jikin duwatsunta, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Gwaram tana gaba da ita, ta yi iyaka da Jihar Bauchi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu mutum sama da 300,000, ta ba Gwaram sama da 270,000.

Mafi yawan mutanen nan manoma ne da makiyaya, a garuruwa irin su Sundimina da Kantoga da Wurno da Sara da Basirka da Farin Dutse. Wannan yana da muhimmanci ga maganarmu, domin ƙafar manomi da ta makiyayi ita ce gaɓar da ta fi kowace shan wahala: ƙaya, kututture, sarar fartanya, tsakuwa, ruwan fadama. A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta karɓi babban asibitin Birnin Kudu ta mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Kafin wannan, har ma bayansa, manyan asibitocin Kano da na Zariya su ne ake tura wa cututtukan da suka gagara. Saboda haka alƙaluman waɗannan asibitoci su ne madubin da ya fi kusa da yankin, kuma da su za mu yi aiki.

3.0 Gyambo da Daji a Fahimtar Bahaushe

Bahaushe yana bambanta rauni da miki da gyambo. Rauni sabo ne, miki ya fara kwana, gyambo kuwa shi ne wanda ya ƙi warkewa, ya zauna wata da watanni, galibi a ƙwauri ko kusa da idon sawu. A zamanin mulkin mallaka gyambo yana cikin manyan abubuwan da ke cika ɗakunan shan magani a ƙasashe masu zafi, kafin yaɗuwar fenisilin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ban da raunin gona, kurkunu da kuturta da ƙuna duk suna barin gyambo ko tabo. Kurkunu dai an rabu da shi, don an ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da shi a 2013. Amma tabon da ya bari yana nan a ƙafafun dattawa.

Kalmar daji ko jeji, wadda a yau muke fassara kansa da ita, ta girmi asibiti. A bakin mutanen da, daji suna ne na kumburi ko ciwo mai ci wanda ba a san kansa ba, kuma sunan da kansa yana nuna inda ake zaton ya fito, watau dawa, mazaunin iskoki. Daga nan ne aka sami maganar da kowa ya sani, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in an taɓa shi sai ya fusata. Bai kamata mu yi wa wannan magana dariya ba, domin daga abin da ido ya gani aka gina ta. Mutanen da aka kai asibiti bayan cuta ta riga ta bazu, aka yi musu aiki, suka rasu ba da daɗewa ba, danginsu sun ga wuƙa sa'an nan suka ga mutuwa, sai suka ɗaura wa wuƙar laifi. Jinkiri ya haifi imani, imanin kuma ya koma yana haifar da jinkiri.

Nazarin da Murray Last da Lewis Wall suka yi a ƙasar Malumfashi, wanda aka buga na farko a 1981, na biyu kuma a 1988, ya nuna yadda mara lafiya a ƙasar Hausa yake kewayawa tsakanin maganin gida da wanzami da boka da malami da mai kantin magani da asibiti, ba tare da ya ga wani saɓani a ciki ba. Ga yawancin cututtuka wannan kewaye ba ya kashe mutum. Ga dajin fata kuwa, kowane zango watanni ne da ake ba cutar kyauta.

4.0 Yadda Aka Gano Dajin Tabo

A 1775 wani likitan fiɗa na Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙi, waɗanda suka fara aikin tun suna yara, suna kamuwa da dajin fatar maraina bayan sun girma, ya kuma danganta abin da kunkunniyar da ke maƙalewa a fatarsu. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya daɗe yana cin fata yana iya juyar da ita daji bayan shekaru masu yawa.

A 1828 Jean-Nicolas Marjolin na birnin Faris ya bayyana wani irin gyambo mai tsiro kamar kan farin kabeji. Shi kansa bai ce daji ne ba. Caesar Hawkins na Landan ne, a 1833, ya bayyana daji da ya tsiro a kan tsofaffin tabban ƙuna da na bulala. Amma sunan Marjolin ne ya bi cutar, musamman bayan John Chalmers Da Costa na Amurka ya yi amfani da shi a 1903. Har yau likitoci gyambon Marjolin suke kiran duk dajin da ya tsiro a tsohon tabo ko gyambo. Mu za mu kira shi dajin gyambo.

Misalin da ya fi kama da namu daga Kashmir ya fito. Mutanen can sukan rungumi ɗan kaskon wuta a ƙarƙashin riga lokacin sanyi, zafin ya riƙa ƙona fatar ciki da cinya shekara da shekaru. Ernest Neve, likitan mishan a Sirinagar, ya buga bayani a 1923 kan dajin da ke tsirowa a wurin. Duk wanda ya san yadda ake kwana da kaskon wuta a ɗaki cikin hunturu a ƙauyukanmu, da ƙunar da yara ke samu a bakin murhu, da wadda ruwan wankan jego kan yi wa mata, ya san ba labarin nesa ake ba shi ba.

A 2005 Areta Kowal-Vern da Bryan Criswell suka tattara rahotannin mutum 412 da daji ya tsiro musu a tabon ƙuna, daga 1923 zuwa 2004. Kashi 71 cikin 100 dajin shimfiɗar fata ta sama ne, wanda likitoci ke kira sikwamos. Tsakanin ƙuna da bayyanar daji, matsakaicin lokaci shekara 31 ne. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, kashi 5 cikin 100 kaɗai aka yi wa dashen fata lokacin da suka ƙone. Sauran an bar ƙunar ta warke da kanta, ta bar tabo mai tsagewa yana komawa. Watau makomar dattijo mai shekara 50 an fara rubuta ta tun ranar da ya ƙone yana saurayi.

5.0 Awon Makoma: Daga Broders Zuwa Breslow

Sanin cewa abu daji ne mataki ɗaya ne, sanin inda ya dosa kuma wani mataki ne dabam. A 1920 Albert Broders na asibitin Mayo a Amurka ya duba dajin leɓe a ƙarƙashin madubin likita, ya kasa shi aji huɗu bisa ga yadda ƙwayoyinsa suka yi nisa da kamannin fata mai lafiya. Ya nuna cewa gwargwadon lalacewar kamanni, gwargwadon munin makoma. Tsakanin 1943 da 1952 Pierre Denoix na Faransa ya tsara hanyar da duniya ke bi har yau, ta duban abu uku: girman ƙullutun, ko ya kai ga kaluluwa, da kuma ko ya bazu zuwa gaɓoɓi masu nisa kamar huhu da hanta.

Inda wannan awo ya fi yin kaifi shi ne a kan melanoma, watau baƙin dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. A 1969 Wallace Clark ya kasa shigarsa cikin fata hawa biyar, daga wanda ya tsaya a shimfiɗar sama zuwa wanda ya ratsa har cikin kitse. Shekara guda bayan haka, a 1970, Alexander Breslow na Jami'ar George Washington ya kawo hanya mafi sauƙi. Ya sa ɗan ma'auni a idon madubi, ya auna kaurin dajin daga sama zuwa ƙwayarsa mafi zurfi, a jikin mutum 98. Ya tarar duk wanda kaurin nasa bai kai milimita 0.76 ba, cutar ba ta dawo ba, ba ta kuma bazu ba. Wannan kauri daidai yake da na katin cirar kuɗi na banki. Daga baya Charles Balch da abokan aikinsa suka ƙara da cewa, idan saman dajin ya fashe ya zama miki, makomar ta ƙara muni ko da kaurin ɗaya ne.

Tsarin da aka fara aiki da shi a 2018 ya kasa kaurin melanoma huɗu: har zuwa milimita 1, sai 1 zuwa 2, sai 2 zuwa 4, sai abin da ya haura 4, watau kamar ƙwayar dawa. A alƙaluman da aka gina tsarin a kansu, kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka kama cutar a matakin farko ba ta kashe su cikin shekara biyar ba. A ɓangare mafi tsanani na mataki na uku, inda ta riga ta mamaye kaluluwa, kashi 32 ne kawai suka kai haka. Dajin sikwamos ma an yi masa irin wannan awo. A wani nazari na mutum 615 da aka yi a Tubingen ta Jamus, aka buga a 2008, babu wanda ya bazu a cikin waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 2 ba. Ya bazu a kashi 4 cikin 100 na masu milimita 2 zuwa 6, da kashi 16 na waɗanda suka haura 6.

Abin lura a nan shi ne, rayuwa da mutuwa tsakaninsu 'yan milimitoci ne. Sa'an nan waɗannan ma'aunai duka an gina su ne a kan jikin Turawa, waɗanda rana ce babban dalilin dajin fatarsu. Sai mu tambaya: da aka juyo da madubin kan jikinmu, me aka gani?

6.0 Abin da Aka Gani a Nijeriya

Ƙidayar masu ciwon daji bisa tsari ta fara a Nijeriya ne a 1960, lokacin da G. M. Edington ya kafa rajistar daji a Ibadan. Daga baya ya dawo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi nazarin irin dajin da ake samu a Arewa cikin shekarun 1970. A kan wannan harsashi likitocin fiɗa A. Yakubu da O. A. Mabogunje suka buga bincikensu kan dajin fata a Zariya a 1993 da 1995, sa'an nan O. Ochicha da abokan aikinsa suka buga na Kano a 2004. Abin da suka gano za mu kasa shi uku.

6.1 Dajin Ƙwauri

Binciken Kano ya duba gwaje-gwajen shekara biyar, 1998 zuwa 2002. Dajin fata ya kai kashi 12.7 cikin 100 na dukkan dajin da aka tabbatar a ɗakin gwaji. Kashi 40 sikwamos ne, kashi 34 melanoma, kuma kashi 70 a ƙafa suka fito. Wannan ya saɓa da abin da aka sani a Turai, inda fuska da wuya ne suka fi kamuwa, kuma wani iri mai saukin kai da ake kira basal ya fi yawa. Binciken Zariya ma haka ya nuna: sikwamos ne a gaba, ƙafa ce mazauninsa, tsohon gyambo ne tushensa. Dajin gyambo kuwa ya fi wanda rana ke haddasawa saurin kaiwa ga kaluluwar matsematsi. Idan aka same shi yana ƙarami, yanke shi da faɗi a yi dashen fata yakan isa. Idan ya kai ƙashi, sau da yawa sai an yanke ƙafar. Ga manomi, wannan hukunci ne a kan gonarsa da iyalinsa, shi ya sa da yawa sukan nemi a sallame su su koma gida.

6.2 Baƙin Dajin Tafin Ƙafa

Melanoma a jikin baƙar fata ba ta cika fitowa inda rana ke duka ba. Tafin ƙafa take zaɓa, da dunduniya, da ƙarƙashin farce. M. G. Lewis ya nuna haka a Yuganda a 1967, Richard Reed na Amurka kuma ya ware ta a matsayin iri na musamman a 1976. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan ta fara masa a ɗan yatsan ƙafa. M. O. A. Samaila da A. H. Rafindadi, a binciken da suka buga a 2006 kan Zariya, sun tarar galibin masu ita a ƙafa ta kama su, kuma sun zo asibiti bayan ta yi zurfi. A 2016 wasu likitocin Jami'ar Shinshu ta Japan suka nuna cewa ta fi fitowa a wuraren tafin ƙafa da nauyin jiki ya fi dannewa.

Matsalarta ita ce ba ta da zafi da farko. Baƙin tabo ne a wurin da mutum ba ya dubawa, a fata mai kanta da faso, wanda za a ɗauka ƙaya ce ta karye ko jini ya kwanta. Wani ya kai wa wanzami ya ƙwaƙule, wani a yi masa sakiya. Ranar da ta fashe ta fara jini, ma'aunin Breslow ya riga ya wuce ƙwayar dawa da nisa. Ko a Amurka, wani nazari na 2009 ya nuna kashi 80 cikin 100 na masu wannan iri ne ke kai shekara biyar, alhali ga melanoma gaba ɗaya kashi 91 ne.

6.3 Zabiya

Rukuni na uku su ne zabiyoyi, waɗanda fatarsu ba ta da launin da ke tare zafin rana. A 1975 A. N. Okoro na Inugu ya buga nazarin zabiya 1,000, ya nuna yadda rana ke fara lalata musu fata tun suna yara. Binciken Yakubu da Mabogunje na 1993 ya nuna cewa a Zariya sikwamos ne ya fi kama su, a kai da wuya, tun suna da ƙuruciya. A yankin da abinci ke fitowa daga noma da kiwo da talla, yaro zabiya yakan yini a rana tamkar kowa. Malafa da riga mai dogon hannu da sana'ar inuwa su ne rigakafinsa, kuma ba su fi ƙarfin kowane gida ba. Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni domin wayar da kai game da su.

7.0 Inda Fata Ta Haɗu da Ƙwaƙwalwa

Akwai mutane iri biyu da ƙuna da gyambo suka fi bi, amma ba a cika lissafa su cikin maganar daji ba. Na farko mai farfaɗiya ne, wanda kan faɗi cikin wuta, a kuma yi nawar janye shi saboda tsoron da ake yi cewa yawunsa yana yaɗa cutar, abin da ba gaskiya ba ne. Na biyu mai taɓin hankali ne da aka sa wa mari, ƙarfe ya daɗe yana cin idon sawunsa. Samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Kaduna da Daura da wasu wurare a 2019 ya fito da irin waɗannan raunuka fili.

Tarihin binciken ƙwaƙwalwa ya bi hanya mai kama da ta fata. A 1913 Hideyo Noguchi da J. W. Moore suka sami ƙwayar tunjere a cikin ƙwaƙwalwar wasu da suka mutu da wani irin hauka, abin da ya tabbatar cewa taɓin hankali yana iya samun mazauni a jiki. A 1976 Eve Johnstone da Timothy Crow da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 17 masu daɗaɗɗen ciwon sikizofireniya, watau taɓin hankali mai sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, suka ga ramukan ruwa na cikin ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. Sai dai wannan awo bai zama kamar na Breslow ba. Bambanci ne da ke fitowa idan an kwatanta rukuni da rukuni, ba a iya duban hoton mutum ɗaya a faɗi makomarsa. Abin da ya fi taimakawa wajen hasashe shi ne lokaci: manyan nazari biyu da aka buga a 2005, waɗanda suka tattara bincike masu yawa, sun nuna cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin ciwon ba tare da magani ba, gwargwadon wuyar farfaɗowarsa.

Ashe ke nan darasin guda ne. Maganin farfaɗiya mai araha, finobabiton, yana nan tun 1912, maganin sikizofireniya na farko kuma tun 1952. A binciken da Mohammed Kabir da abokan aikinsa suka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga a 2004, cikin mutum 250 kashi 46 cikin 100 sun ce asibiti za su zaɓa wa mai taɓin hankali, kashi 34 suka zaɓi addu'a da ruƙiyya. Ga mutumin Gwaram, asibitin masu taɓin hankali na Kazaure yana can ɗaya ƙarshen jihar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar da ta samo asali tun 1916, ta tanadi kare haƙƙin waɗannan mutane. Duk mai farfaɗiyar da aka ɗora bisa magani, an tsare shi daga wuta a bana, an kuma tsare shi daga dajin tabo bayan shekara 30.

8.0 Sababbin Magunguna da Halin Yankinmu

Daga 2002, lokacin da aka gano wani canjin ƙwayar gado mai suna BRAF a cikin kimanin rabin melanomar Turawa, maganin wannan cuta ya canja ƙwarai. A 2011 da 2014 aka fito da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi daji, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Mutanen da a da ba sa kai shekara guda, yanzu wasunsu suna shekaru. Amma abu biyu ya kamata mu sani. Na farko, tun 2005 aka nuna cewa melanomar tafin ƙafa ba ta cika ɗauke da wancan canji ba, daga baya kuma aka ga ba ta jin sababbin magungunan kamar ta Turawa. Na biyu, kuɗinsu ya fi ƙarfin manomin Kantoga ko Basirka nesa ba kusa ba.

Saboda haka abin da zai canja makoma a Birnin Kudu da Gwaram yana cikin tsohon darasin Breslow. Bari mu ɗauki misalin manomi da ya ga baƙin tabo a dunduniyarsa da bazara. Ba zai bar shuka ba, ba zai bar noma ba, sai kaka ta yi ya sami kuɗin mota. Ya fara da mai kantin magani, ya je ƙaramin asibiti a wanke a ɗaure, sa'an nan a tura shi Birnin Kudu, a yanki 'yar tsoka a kai gwaji, a jira sakamako. Kowane mataki a nan ana iya gajarta shi ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Muna ba da shawara kamar haka:

(a) Duk gyambon da ya wuce wata uku ana magani bai warke ba, ko tsohon tabon da ya fashe, ya yi tsiro, ya canja wari ko ya fara jini, a yanki tsokarsa a gwada.

(b) Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba tafin ƙafar dattawa, a kuma koya wa jama'a duba nasu. Mai alwala yana taɓa ƙafarsa sau biyar a yini, abin da ya rage kawai ya san abin da zai nema.

(c) A jawo wanzamai da masu maganin gargajiya cikin aikin, tun da su ne ke fara ganin ciwon, a nuna musu irin wanda bai kamata su sa wa aska ba.

(d) Ƙuna mai zurfi a yi mata dashen fata da wuri, kada a bar ta ta warke da tabo.

(e) Kowane sakamakon gwaji ya faɗi kaurin dajin da milimita, a rubuta garin mara lafiya da tsawon lokacin da ya yi da ciwon, a kuma bi sawunsa bayan sallama. Da irin wannan rubutu ne Broders da Breslow suka yi aikinsu, da shi ne kuma za a gina ma'aunin da ya dace da jikinmu.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda aka taso daga lurar Pott a 1775, aka bi ta kan Marjolin da Broders, har Breslow ya mayar da makomar melanoma abin awo da milimita a 1970. Mun ga kuma binciken Zariya da Kano ya nuna cewa dajin fatarmu a ƙafa yake, daga gyambo da tabo da tafin ƙafa, in ban da na zabiya da rana ke haddasawa. Binciken ƙwaƙwalwa, ko da yake bai samar da ma'auni irin na fata ba, shi ma a kan jinkiri ya tsaya.

Sauran aiki yana wuyanmu mu malamai da manazarta harshe. Maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe da Hausa aka gina ta, da Hausa kuma za a warware ta, a rediyo da masallaci da kasuwar Sara da ajin makaranta. Wajibi ne mu daidaita kalmomin da za su bambanta wa mutum gyambon da zai jira da wanda ba zai jira ba, mu kuma tattara tarihin gyambo da kurkunu da ƙuna daga bakin dattawan yankin da tsofaffin ma'aikatan asibiti tun suna raye. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.